Ba Aljani Ne Ke Riƙe Mai Karatu Ba

Da za a tambayi dattijon Karaye ko na Jega da ya karanta Ruwan Bagaja a firamare abin da ya fi tunawa, da wuya ya fara da aljanun da suka taimaki Alhaji Imam ya ɗebo ruwan. Malam Zurƙe ɗan Muhamman zai fara ambata, da irin ramuwar gayyar da su biyun suka riƙa yi wa juna daga wannan gari zuwa wancan. Wannan kaɗai ya isa ya sa marubutan labaran almara na yau su tsaya su yi tunani. Abin mamaki yana jawo mai karatu zuwa bakin ƙofa, amma halin ɗan Adam ne ke zaunar da shi.

Tun gasar da Rupert East ya shirya a Hukumar Fassara ta Zariya a 1933, ƙagaggen labarin Hausa ya taso da ƙafa ɗaya a duniyar aljanu. Sai dai Abubakar Imam bai tura tauraronsa neman ruwan don yawon buɗe ido ba. Sarki ne ya kunyata Liman, wanda ya riƙe Alhaji Imam tamkar ɗansa, don ya ce Ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki. Yaron ya fita ne don wanke wannan kunya. Duk wanda ya taɓa ganin an muzanta mahaifinsa a bainar jama'a ya san zafin, saboda haka yakan bi tauraron har ƙarshen duniya. Haka Bello Kagara ya yi a Ganɗoki, wanda ya fito a 1934: kafin ya kai jaruminsa ƙasashen aljanu, sai da ya tsayar da shi a fagen yaƙi da Turawa, a zamanin da masu karatun farko suka gani da idonsu ko suka ji daga bakin iyayensu.

Sharaɗi na biyu shi ne aibi. Gizo ya daɗe a bakin kakanni saboda raggo ne, makwaɗaici, mai wayon da kan koma kansa, kuma Ƙoƙi tana nan tana shan wahalarsa. Yaro yana dariya don ya san wani mai irin wannan hali a unguwa, wani lokaci ma a cikin gida. Alhaji Imam kansa ba waliyyi ba ne. Yana damfara, ana damfararsa. Tauraron da ba ya kuskure, ba ya tsoro, ba ya jin yunwa, gunki ne, kuma ba a tausaya wa gunki.

Na uku, dole ne duniyar almara ta kasance da doka da farashi. A Magana Jari Ce, Aku ba ya da takobi ko laya. Bakinsa kaɗai gare shi, kuma kowane labari da ya bayar yana jinkirta fitar Musa ɗan sarki zuwa tarkon da Waziri ya ɗana. Idan labarin ya gaza, rai zai salwanta. Imam ya aro da yawa daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, amma ya sa musu rawani da babbar riga, ya zaunar da su a fada da kasuwa irin waɗanda Bahaushe ya sani. Umaru Dembo ma, da ya ɗaga Kilba zuwa sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, yaron gida ya ɗauka, mai ƙiriniya da son sani, ya sa mai karatu ya kalli sama da idonsa.

A nan ne da yawa daga littattafan yaƙi da labaran da ake yaɗawa ta waya suke tuntuɓe. Ana tara dakaru ba iyaka, da matsafa, da birane masu sunayen da ba na kowa ba, sannan jarumi ya share su duka ba tare da ko ƙwarzane ba. Masu kare wannan salo suna cewa matasa na saye kuma suna karantawa, kuma gaskiya ne. Ya kamata a yaba wa duk wanda ya sa matashi ya riƙe littafi. Amma saye daban, tunawa daban. Idan sihiri yana warware kowace matsala, babu sauran abin da zai sa zuciyar mai karatu ta buga. Masu ganin almara ɓata lokaci ce su ma sun yi kuskure, domin ta bakin Aku an faɗa wa masu mulki abin da bafade ba zai iya faɗa ba.

Marubucin ƙasar Kabi ba ya bukatar aron duniya daga nesa. Ga kufan Surame da labaran Kanta da har yau ake bayarwa, ga hayaniyar kasuwar Jega, ga masu ɗorin ƙashi na Aliero da gonakin albasarta, ga fadamu da ƙauyukan Maiyama. Manomin albasa da ya ci bashin aljani don ya tsira daga asarar kaka, kuma lokacin biya ya zo, ya fi sarkin yaƙi dubu kama zuciya, domin an san abin da yake so, an san rauninsa, an kuma san abin da zai rasa. Ya kamata malaman adabi su riƙa tambayar ɗalibi waɗannan abubuwa uku game da tauraronsa kafin su tambaye shi yawan aljanun da ke cikin labarin.