Sayen mota a Tahoua: kuɗin da dillali ba ya faɗi

Duk wanda ya leƙa wuraren saida motoci kwanan nan ya san farashi ya tashi. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyakar Gaya da Malanville, kuma ko da CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata gefen ba. Motocin da a da ake saukewa a Kwatano yanzu sai sun biyo ta Lome, su ratsa Burkina Faso da rakiyar sojoji. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki sun ƙaru, kuma mai saye ne ke biyan wannan duka.

Wanda abin ya fi shafa shi ne ɗan cin-rani na Adar, da ya yi shekaru yana tari a Abijan ko Libiya, ya dawo da niyyar sa mota a layin Abalak ko Keita. Sau da yawa ya kan zuba duk abin da ya tara a kan farashin da aka gaya masa, sai daga baya ya gane an saida masa mota ce ba takardu.

Na farko, duwan. Ban da kuɗin fito, akwai TVA kashi 19 cikin ɗari, ga kuma kashi 0,5 da ƙasashen AES suka sa kan kayan waje a Maris 2025. Motar da ta shigo ta Konni da lambar Najeriya tana da arha saboda faɗuwar naira, amma in ba a yi mata duwan ba, ranar da aka tare ta a hanya, ga fito ga tara. Bayan nan sai kart-giris, lamba, binyet ta kowace shekara, bizit, da asirans wadda doka ta wajabta. Sai la'adar dillali, wanda wani lokaci ke ci ta gefe biyu.

Na biyu, bashi. A 2014 ƙasashe masu amfani da sefa na yammacin Afirka suka ƙayyade ruwan bashi: kashi 15 a shekara ga bankuna, 24 ga ƙananan asusun lamuni, kuma lissafin ya haɗa da kuɗin dosiye da sauran caje-caje. Amma ku duba wannan misali. An ba ka miliyan 3, aka ce kashi 10 ne a shekara, shekara 3, ana lissafi kan dukan kuɗin tun daga farko har ƙarshe. Ruwan ya zama jikka 900, kana biyan kusan jikka 108 a wata. To, tunda kowane wata bashin raguwa yake, ainihin abin da ka biya ya kusa kashi 18. Shi ya sa ake cewa ka tambayi TEG, wato jimillar ruwa da caji, a rubuce. Ko murabaha ce ta bankin Musulunci, a rubuta maka kuɗin motar daban, ribar banki daban, da abin da zai faru in ka yi lattin biya.

Na uku, hanya. An sauke litar fetur zuwa sefa 499 a Yulin 2024, amma mai ba shi kaɗai mota ke ci ba. Ramukan hanyar Agadas da rairayin arewa suna cin taya da ƙafar mota. Ka je da makanikenka, kar ka dogara da na mai sayarwa, ya duba inji, ya kuma gwada lambar shasi da ta takarda.

Kafin ka miƙa ko dala ɗaya, ka ce a rubuta maka nawa ne motar da takardunta duka, da sunanka, a nan Tahoua. In jimillar ta cinye abin da ke hannunka ba ta bar na gyara da na cefanen wata uku ba, ka nemi ƙarama ko ka dakata.