Ra'ayinmu: Bututu Ya Tsufa, Wa Zai Biya Kuɗin Gyara?

'Yan uwa mazauna Agege, Mile 12 da Idi-Araba, cikin ƙorafe-ƙorafen da ake kawowa ofishin ƙungiya akwai wanda ba ya ƙarewa, wato rigimar yoyon famfo tsakanin mai gida da 'yan haya. Yawancin gidajen da mutanenmu ke ciki tsofaffi ne, bututun ƙarfe aka sa masu tun ginin farko. Irin wannan bututu an shafe shi da tutiya don kada ya yi tsatsa, amma bayan shekara 40 zuwa 50 shafen yakan cinye, tsatsa ta kama shi daga ciki. Alamarsa ita ce ruwa ya fito ja da safe, ƙarfinsa ya ragu, sannan ɗigo ya fara daga wajen haƙoran da aka ɗaura, domin nan ne ƙarfen ya fi siranta.

Abin da muka saba shi ne a yanko robar tayar keke a naɗe wurin. To, wannan dabara ta kwana biyu ce. Bututun da ya bi ta cikin kwata, idan aka ɗauke ruwa sai ya zuƙo ƙazantar kwatar ta wannan huda, idan ruwa ya dawo ita za a fara tara a bokiti. Ba mu manta da amai da gudawa da ya ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ba. Yara ne ke shan ruwan nan, jama'a.

Gyaran ƙwarai shi ne a rufe ruwa, a yanke ruɓaɓɓen wurin gaba ɗaya har inda ƙarfe ke da lafiya, a fitar da sababbin haƙora, a naɗa farin tef, a haɗa da yuniyan. A riƙe da sifana biyu, ɗaya ta danne ɗaya ta juya, in ba haka ba wata mahaɗar ce za ta karye a cikin bango. Idan za a ci gaba da bututun roba, wanda shi ya fi sauƙin kuɗi kuma ba ya tsatsa, a sa mahaɗar roba ta shiga cikin soket na ƙarfe, don idan ita ce ta haɗiye ƙarfen tsagewa take yi. Kada a yarda mai gyara ya haɗa jan ƙarfe kai tsaye da tsohon bututu, wurin zai ci da wuri. Wanda kuma ya ce siminti zai toshe yoyo, kuɗinku kawai yake so.

Sai maganar biya. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora wa mai gida gyaran wajen gida da wuraren da kowa ke amfani da su. Ɗan haya kuwa aikinsa kula da inda yake zaune, ban da lalacewar da tsufa ya kawo. Saboda haka famfon tsakar gida da bututun da ya taso daga tanki, a ganinmu, na mai gida ne, ba daidai ba ne ejan ya zo yana raba kuɗin a kan ɗakuna don ya ga baƙi ne ba za su yi magana ba. Amma wanda ya karya kan famfo da hannunsa, ya biya, ƙungiya ba za ta tsaya masa ba.

Inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne rashin takarda. Mutum ya yi gyara da kuɗinsa bisa alkawarin baki, ranar biyan haya a ce ba a san zancen ba. Kada kowa ya fasa bango ko ya cire kuɗin gyara daga haya sai mai gida ya yarda a rubuce, kuma a karɓi rasit wajen mai gyara da mai sayar da kaya. Wanda bai iya rubutu ba ya zo ofis bayan sallar La'asar da rasit ɗin hayarsa na ƙarshe, za a rubuta masa wasiƙar da Turanci kofi biyu, ɗaya ta mai gida ɗaya ya ajiye.