A Auna Jinin 'Ya'yanmu!

Ya ku manoma, iyayen yara, ku kasa kunne!

Ku tuna 2010 a Zamfara. Yara suka yi ta jijjiga suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ana ta lalube cikin duhu. Sai da likitocin agaji suka ɗebi jini aka auna a ƙasar waje, sannan aka gane gubar dalma ce, daga dutsen zinariya da ake dakawa cikin gida. Yara fiye da 400 suka tafi! Ina masu mulki suke?

Awon zazzaɓin cizon sauro fa ɗigon jini ne kawai daga ɗan yatsa, minti 20 an gama. Amma in tari ya kama ɗanka, likita ya ce sai hoton ƙirji, sai ka sayar da akuya ka nufi birni. Su kuwa nasu 'ya'yan, Ingila.

Jam'iyyarmu za ta sa awon jini a asibitin kowace gunduma, da na'urar hoto a kowace ƙaramar hukuma, kyauta ga yaro. In mai rabon sabulu ya zo neman ƙuri'arka, ka ce ya fara nuna maka ɗakin awo.