Lambar Yabo Ba Ta Hana Bara

Tun shekarar 1956 aka kafa shirin lambar yabo ta Duke na Edinburgh a Ingila, wanda a yau ke karɓar matasa masu shekara 14 zuwa 24. Yaro zai koyi wata sana'a, ya yi wa jama'a hidima, ya motsa jiki, ya yi tafiyar daji, sa'an nan a ba shi lambar tagulla ko azurfa ko zinariya. Ba a auna shi da kowa sai da iyawarsa, don haka makaho da kurma da gurgu duk suna da rabo. Nijeriya ma tana ciki. Madalla.

To, amma ina amfanin lamba ga kurman yaro a Kafanchan ko Kagoro, in ya cika shekara 18 babu keken ɗinki, babu jari, babu maigidan da zai riƙe shi? Tafi a ɗakin taro ba ya sayen ko mudun masara.

A watan Janairu na 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Ta keɓe musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-gine domin su iya shiga. Wa'adin ya cika tun 2024.

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun sun fi kowa sanin inda yaron da aka yi wa tafi aka sallama yake ƙarewa, domin kullum suna wuce masu bara a Ebute Metta da Sabo. In sun zo gida hutun Disamba, su tsaya a sakatariyar Ƙaramar Hukumar Jema'a su tambaya: naƙasassu nawa aka ɗauka aiki daga 2019 zuwa yau?