Ɗaukar Hoto: Ba Girin-Girin Ba Dai, Ta Yi Mai

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana wadda ya kamata mu dube ta da idon basira. Da zarar kuɗin tallafin karatu sun shigo hannu, ko sabon ma'aikaci ya karɓi albashin farko, sai ka ji ana muhawara a kan wace waya ko wace kyamara ce ta fi fitar da hoto. Wani har bashi yake ci. Amma in ka ce ya nuna maka abin da ya ɗauka, sai ka tarar da kai a guntule, fuska baƙi ƙirin, gini kuwa a karkace kamar zai faɗi. Sai ya ɗora wa na'ura laifi, ya shiga tara kuɗin wata.

Mu da muka taso a Rawayau, ta ƙasar Kurfi, mun san irin hotunan da iyayenmu ke adanawa a ƙasan adaka. Mai hoton wancan zamani yakan zo ranar Salla ko ranar biki da 'yar tsohuwar kyamararsa. Fim ɗinsa hoto 36 kacal yake ci, kuma ba ya ganin abin da ya ɗauka sai an wanke. Don haka ba ya taɓa maɓalli sai ya dubi inda rana take, ya gyara wa mutum zama, ya ja shi da hira har fuskarsa ta saki. Ga shi shekaru sun shuɗe, amma kallo ɗaya za ka yi wa hoton kakanka ka gane halinsa.

Haka abin yake ga manyan gwanayen Afirka ta Yamma. Seydou Keïta na Bamako, a ƙasar Mali, kafinta ne tun asali. Ya buɗe shagon hoto a 1948, yana aiki da hasken rana a tsakar gida, labulensa na farko kuwa zanen gadonsa ne. Saboda tsadar fim, sau ɗaya yakan ɗauki mutum. Ya rasu a 2001, amma a 2016 sai da aka baje aikinsa a babban zauren Grand Palais na birnin Paris. A nan gida Nijeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara da 'yar ƙaramar kyamara ƙirar Brownie a 1950. Daga 1968 ya duƙufa ga ɗaukar kitson matan ƙasar nan, har ya tara hotuna kusan 1,000, waɗanda yau suka zama taskar tarihi.

To, mece ce wannan gwanintar? Farkonta sanin haske. In ka tsayar da dattijo mai farar babbar riga a tsakar rana, na'ura za ta rage haske don farin rigar, fuskarsa ta dushe. Wanda ya san aiki sai ya kai shi bakin zaure ko inuwar darbejiya, ko ya jira sassafe ko la'asar sakaliya. Na biyu, haƙuri da sanin abin da zai faru. Wanda ya saba kallon hawan Salla a Katsina ya san lokacin da mahayi zai ja linzami a ƙarshen jafi, ya ɗaga hannu yana jinjina. Baƙo mai tsadaddiyar kyamara kuwa ƙura zai kwasa. Na uku, ladabi. Ba a ɗaukar mutum sai da sallama da neman izini, domin wanda aka mutunta ne yake sakin fuska. Duk cikin ukun nan babu wanda ake sayarwa a kanti.

Ba mu ce kayan aiki ba su da amfani ba. Mai son ɗaukar tsuntsu daga nesa a madatsar ruwa ta Zobe, kusa da Dutsin-Ma, dole ya nemi gilashi mai jawo nesa kusa. Sai dai gwani ne yake sanin abin da ya rasa, ya saye shi da dalili. Alaramma da alƙalamin kara yake rubutun da ake sha'awa, wanda bai iya ba kuwa, ko na zinariya ka ba shi, jagwalgwalo zai yi.

Abin da ya sa muka damu shi ne, ana rushe gidajen ƙasa masu zanko ana sa bulo, maƙera da masaƙa suna tsufa ba magada. In muka zauna jiran ranar da za mu mallaki babbar kyamara, kafin ta zo abin ɗaukar ya tafi.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta kafa kulob na masu ɗaukar hoto. Kowa ya zo da abin da yake hannunsa. A kowane mako a ɗauki hoto goma kacal, a zauna a yi wa juna gyara ba tare da jin haushi ba. In an tafi hutu, kowa ya dawo da hoton garinsu. Kuɗin sabuwar waya kuwa a sayi littattafai da su.

Allah Ya sa mu gane, amin.