Kafin a Zuba wa Dodon Koɗi Guba a Tankin Kifi



Kiwon kifin ado a tankin gilashi yana ƙara samun gindin zama a gidajenmu da ofisoshinmu, kuma duk wanda ya sa tsirran ruwa masu rai a tankinsa, ko ba jima ko ba daɗe zai yi baƙon da bai gayyata ba. Ƙananan dodon koɗi ne, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Yau a ga biyu a jikin gilashi, bayan wata guda a rasa iya ƙirga su. Tambayar da ke fara fitowa daga bakin mai tanki ita ce: wane magani zan zuba su mutu? Amsarmu ita ce kada a zuba komai. Guba ita ce hanya mafi muni cikin hanyoyin da muke da su, kuma bayanta sai zubar da su a kwata. Ga dalilanmu.

Mu fara da sanin baƙon. Iri uku ne suka fi damun masu tanki. Akwai Physella acuta, ƙarami mai siririn ɓawo wanda bakinsa ke buɗewa ta hagu, asalinsa daga Arewacin Amurka, amma yanzu ya game duniya. Kowane ɗaya daga cikinsu namiji ne kuma mace, har yana iya haihuwa shi kaɗai, saboda haka guda ɗaya tak ya isa ya cika tanki. Akwai mai ɓawo a naɗe kamar ƙahon rago, na dangin Planorbidae, wanda shi ma jinsi biyu ne a jiki ɗaya. Na uku shi ne Melanoides tuberculata, mai dogon ɓawo kamar tsinin mashi. Shi yana wuni a binne cikin tsakuwa, sai dare ya fito. Macensa ba ta buƙatar namiji, kuma 'ya'ya take haifa a raye, ba ƙwai take sakawa ba.

Ta yaya suka shigo? Yawanci ta hanyar tsirrai. Iri biyun farko suna manna ƙwansu a bayan ganye cikin wani ɗigon abu mai yauƙi, garai-garai kamar ruwa, wanda ido ba ya saurin kamawa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe, kuma a ruwa mai ɗumi irin namu 'ya'yan kan fara nasu ƙwan cikin 'yan makonni. Wani lokaci kuma tsakuwar da aka karɓo daga tankin aboki, ko ruwan ledar da aka sayo kifi a ciki, shi ne motarsu.

Amma shigowa daban, yawaita daban. Nan ne muhimmin batun yake. Dodon koɗi ba ya hayayyafa fiye da abincin da ya samu. Abincinsa kuwa shi ne ragowar abincin kifi da ya nutse, da ruɓaɓɓen ganye, da gansakuka, da mushen kifin da ba a tsame ba. Tankin da ake ciyarwa daidai zai riƙe 'yan kaɗan, su yi ta sharar gilashi ba wanda ya damu da su. Tankin da kowa a gida yake barbaɗa wa abinci, maigida da safe, uwargida da rana, yara duk lokacin da baƙi suka zo kallo, shi ne wanda ke wayewar gari da ɗaruruwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawansu saƙo ne cewa abinci yana ruɓewa a ƙasan tanki, kuma wannan ruɓewar ita ce ke kashe kifi, ba dodon koɗin ba. Wanda ya kashe ɗan saƙo bai sauya saƙon ba.

Yanzu ga abin da guba ke yi. Yawancin magungunan kashe dodon koɗi da ake sayarwa sinadarin jan ƙarfe ne a cikinsu. Jan ƙarfe bai san ƙawa ba, bai san abokin gaba ba. Yana kashe jatan lande na ado, yana wahalar da kifayen da ba su da ɓamɓaroki irin dangin tarwaɗa, kuma ƙarfinsa yana sauyawa gwargwadon irin ruwan, ta yadda ma'aunin da kifi ya jure a ruwan rijiyar burtsatse mai gishiri-gishiri zai iya zama ajalinsa a ruwa mai laushi. Yana kuma laɓewa cikin tsakuwa da duwatsu, ya riƙa fitowa a hankali bayan an manta an taɓa zuba shi.

Ko da maganin ya yi aikin da aka saye shi dominsa, masifa ta biyu tana tafe. Dodon koɗi ɗari uku da suka mutu dare ɗaya, yawancinsu a ƙarƙashin tsakuwa inda hannu ba ya kaiwa, nama ne da zai ruɓe a cikin ruwan da kifi ke shaƙa. Ruɓewar tana fitar da amoniya, wadda ke ƙona gaɓoɓin da kifi ke numfashi da su, kuma tana cinye iskar da ke cikin ruwa. A ƙasarmu abin ya fi tsanani saboda dalilai biyu da kowa ya sani: zafi da ɗauke wuta. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, amoniya kuma ta fi dafi idan ruwa ya yi zafi. A haɗa wannan da daren Afrilu da injin iska ya tsaya awa shida, sai a tashi a ga kifaye a sama, ciki a sama. Abin takaici, mai dogon ɓawon nan yana da murfi da yake toshe bakin ɓawonsa da shi, don haka wasunsu sukan tsira, su ci gaba da haihuwa a tankin da babu kifi. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

To me za a yi? Abu na farko, a kama hannu. A ba kifi abin da zai cinye cikin minti biyu, sau ɗaya ko sau biyu a rana, kuma mutum ɗaya a gida ya riƙe gwangwanin abincin. Babban kifi mai lafiya ba ya cutuwa don an hana shi ci kwana ɗaya a mako. Na biyu, kowane mako a zuƙe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da tiyo, ana tura bakin tiyon cikin tsakuwa don ya ɗebo dattin da ya kwanta. A tsinke ganyen da ya fara ruɓewa. A rage fitila zuwa awa shida ko takwas, a kuma kawar da tanki daga tagar da rana ke bugawa, domin haske shi ke ciyar da gansakuka.

Na uku, tarko. A ɗan tsoma ganyen latas ko yankan kokwamba a ruwan zafi ya yi laushi, a sa a ƙaramin faranti ko kwalba mai faɗin baki, a nutsar da shi bayan an kashe fitila. Da asuba a ciro shi da abin da ya taru a kai. A yi haka dare bayan dare har mako biyu, kuma kada a bar ganyen ya wuce kwana ɗaya a ciki, don kada tarko ya koma liyafa. Ƙwan da ke jikin gilashi a kankare shi da tsohon katin waya. Waɗanda aka gani a fili a latse su da bayan cokali, kifaye da yawa suna son namansu. Da cokali muka ce, ba da yatsa ba, domin fasasshen ɓawo yana yanka, kuma ruwan tanki yana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta masu shiga ta rauni.

Wani zai ce wannan hanya tana da jinkiri, kuma ba ta ƙarar da su kwata-kwata. Gaskiya ne, ba ta ƙarar da su. Amma me ya sa ake son su ƙare? Goma ko ashirin a tanki ma'aikata ne da ba a biya. Suna cin abin da kifi ya bari, mai dogon ɓawo yana motsa tsakuwa, kuma irin waɗannan uku sun fi son mataccen ganye a kan lafiyayye. Mai tankin da yake kiwata ƙwan kifi yana da hujjar son tanki babu ko ɗaya, tun da suna iya taɓa ƙwan. Shi ma maganinsa ba kwalba ba ce. Ya kwashe kifin zuwa wani mazubi, ya tafasa tsakuwar ko ya shanya ta ta bushe ƙarau, ya wanke tankin, ya sake farawa da tsirran da aka tantance.

Wani kuma zai ce a sayo mai cin su. A nan ma muna jan kunne. Kifin da aka fi tallatawa don wannan aiki, Chromobotia macracanthus na tsibiran Sumatra da Borneo a Indonesiya, ana sayar da shi bai wuce ɗan yatsa ba, amma yana iya kaiwa santimita 30, yana rayuwa shekaru masu yawa, kuma ba ya jin daɗi sai cikin 'yan uwansa. Sa shi a tankin lita 60 zalunci ne. Ƙaramin kifin talibambam na Kerala a Indiya gwanin farautarsu ne, amma yana yagar jelar sauran kifaye. Dodon koɗi mai cin 'yan uwansa, Anentome helena na kudu maso gabashin Asiya, shi ne ya fi dama-dama, domin ƙarami ne kuma ba ya saurin haihuwa. Sai dai shi ma rai ne da za a ci gaba da ciyarwa bayan aikinsa ya ƙare. Ba a sayen dabba don ta gyara abin da rufe gwangwani zai gyara.

Rigakafi kuwa ya fi duk wannan sauƙi. Sabon tsiro a ajiye shi a bokiti ko wani mazubi daban na mako biyu zuwa uku, ana duba bayan ganye. Masu tanki da yawa suna jiƙa shi a ruwan alimun, babban cokali ɗaya a lita huɗu, na kwana biyu, sannan a ɗauraye sosai. Tsirrai masu laushin ganye ba duka ke jure wannan ba, don haka a gwada da reshe ɗaya tukuna.

Akwai abu biyu da suka fi kifin ado girma, kuma su ne suka sa muka ɗauki wannan batu da muhimmanci. Na farko, kada a ɗebo tsiro, tsakuwa ko dodon koɗi daga kududdufi, dam ko magudanar noman rani a sa a tanki. Dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, cutar fitsarin jini, ana kiransa Bulinus, kuma bakin ɓawonsa ta hagu yake buɗewa, ya yi kama da Physella ƙwarai. Mai ɗauke da irin da ke kama hanji, Biomphalaria, shi kuma ɗan dangin mai ƙahon rago ne. Tsutsar tana fita daga jikinsu ta shiga fatar mutum kai tsaye, ba sai an sha ruwan ba. Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi fama da wannan cuta a duniya. Dodon koɗin da aka ƙyanƙyashe a tanki ba ya ɗauke da ita, domin sai ya haɗu da ruwan da mai cutar ya yi fitsari ko bahaya a ciki. Na kududdufi kuwa babu mai ba da tabbaci a kansa, kuma yara ne suka fi tsoma hannu a tanki.

Na biyu, abin da aka ciro daga tanki kada ya shiga kwata, masai ko rafi da rai. A latse shi, ko a barbaɗa masa gishiri, ko a shanya shi a rana, sannan a ƙulle a leda a sa a shara. Ruwan da aka zuƙe a ba shukar tukunya ko a zuba a busasshiyar ƙasa. Wannan ba tsoron banza ba ne. Babban dodon koɗin nan na dangin Pomacea, ɗan Kudancin Amurka mai ƙwai ruwan hoda, wanda ake sayar da wasu irinsa a matsayin ado, an kai shi Taiwan wajen 1980 don a ci, ya kuɓuce, ya zama annobar dashen shinkafa a Filifin da maƙwabtanta. Bayan an gan shi a gonakin shinkafar bakin kogin Ebro a Sifen, Tarayyar Turai ta hana shigo da shi a 2012. A 2020 aka tabbatar da ɓullarsa a gonakin shinkafar Mwea a Kenya. Duk wanda ya san abin da shinkafa take nufi ga Kura, Haɗeja da Kebbi ya san bokiti ɗaya da aka watsa a magudana ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka wanda ya ga baƙin nan a gilashinsa wannan mako, ya bar kwalbar magani a kanti. Ya rage abinci daga yau, ya sa ganyen latas da dare, ya zuƙe tsakuwa ranar Asabar, ya ba abin wata guda. Kifinsa zai kwana lafiya, magudanar unguwa ma haka.