Shigar kuɗi a salula ba shi ne ciniki ya faɗa ba

Jama'a, akwai maganar da masu tallar kirifto suka riƙe kamar waƙa: "Namu ya fi sauri, sakan guda kuɗinka sun isa." Kamfanonin bulokcen na ta rige-rige a kan haka, samarinmu kuma na maimaitawa a fada. Ni dai na ce wannan rige-rigen ya danne tambayoyin da suka fi sauri muhimmanci: yaushe ciniki ke faɗawa, kuma wa ke riƙe da kuɗin a tsakani?

Bulokcen littafin ciniki ne da kwamfutoci masu yawa ke riƙe da kwafinsa tare. Ganin kuɗi a salularka ba ya nufin an rufe shafin. A Bitcoin ana ƙara shafi kusan kowane minti 10, kuma al'adar masu babban ciniki su jira shafi 6, wato kamar awa guda. A Ethereum, tun gyaran Satumba 2022, shafi na fitowa kowane sakan 12, amma sai bayan kamar minti 13 yake zama wanda ba ya goguwa. Wannan jiran ba lalaci ba ne. A Agusta 2020 sau 3 aka kai wa Ethereum Classic hari. Wasu sun tara ƙarfin kwamfuta da ya fi na sauran, suka sake rubuta dubban shafuka, kuɗin da aka riga aka biya suka koma hannun mai biya.

To, ta yaya ake samun saurin? Sau da yawa rage masu gadi ake yi. Tron, inda mutanenmu da yawa ke tura USDT, na fitar da shafi kowane sakan 3, amma wakilai 27 kaɗai ke rubuta littafin. Solana da ake yabo da gudu ta tsaya cak kusan awa 17 a Satumba 2021. Sauri kan haifi nawa.

Sai batun gada, inda nan ne gizo ke saƙa. Bulokcen ɗin nan ba sa jin yaren juna. USDT na Tron da na Ethereum suna ɗaya, hanya daban, kuma wanda ya kuskure hanya na iya rasa kuɗinsa. Shi ya sa aka gina gadoji. Aikinsu kamar na ɗan canji ne da za ka ba sefa a Maraɗi ka karɓi naira a Kano: a kulle kuɗinka a wannan ɓangare, a ba ka shaida a wancan. In aka fasa rumbun, shaidar ta zama takardar banza. A Maris 2022 ɓarayi suka mallaki makulli 5 cikin 9 na gadar Ronin, suka kwashe sama da dalar Amurka miliyan 600, kuma sai bayan kwana 6 aka farga. Wata guda kafin nan, gadar Wormhole ta yi asarar kimanin miliyan 320.

Za a ce mini ɗan kasuwa da kayansa ke jira a iyaka ba ya da awa guda ta ɓatawa. Gaskiya ne, kuma akwai masu aikin kirki a kai. Tun 2021 tsarin IBC na Cosmos ke barin kowace bulokcen ta binciki littafin ƴar'uwarta da kanta, ba sai an dogara da tsirarun masu makulli ba. Masanan Ethereum ma na neman rage jiran nan nasu. Amma kar a sayar mana da gobe a farashin yau. Har yanzu mai fitar da kuɗi daga Arbitrum ko Optimism ta hanyar asali kwana 7 yake jira. Wanda ya ce zai ba ka nan take, nasa kuɗin yake ba ka ya ɗauki la'ada. Dillali ke nan, ko da ya sa rigar fasaha.

Don haka ɗan'uwa, in an zo maka da tallar sauri, tambaya minti nawa kafin ciniki ya faɗa, mutum nawa ke riƙe da makullin gada, kuma wa zai biya ka in ta karye. In ya kasa amsawa, kar ka saki kayanka.